Aikin gwamnati ko na kamfani: wanne ya fi riƙe mace idan ciki ya tsufa?

Ɗiyar yayana ta zo gidana da takardu biyu a jaka, wata huɗu da ɗaura mata aure. Ɗaya ta ɗaukar aiki ce daga wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ɗayar daga wani kamfani mai zaman kansa wanda albashinsa ya ɗara na gwamnatin da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ta ce, "Gwaggo, kowa ya faɗi tasa, saura ke." Mahaifinta ya yi mata maganar fansho, mijinta ya yi maganar albashi, ƙawayenta sun yi maganar ofis mai sanyi. Ba wanda ya taɓo abin da, in Allah ya yarda, zai riske ta kafin duk waɗannan, wato ranar da ciki zai yi nauyi ta buƙaci hutu, a biya ta, kuma ta dawo ta tarar da kujerarta.

Ni na haihu a ɓangarorin biyu. 'Yar fari na same ta ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, sauran biyun ina aikin gwamnati. Abin da na faɗa mata ranar shi zan shimfiɗa a nan, don na san ba ita kaɗai ke riƙe da irin waɗannan takardu ba.

Mu fara da abin da ke rubuce. Kundin dokokin aikin gwamnatin tarayya ya ba mai ciki hutun aƙalla mako 16 a jere da cikakken albashi, ta fara shi mako 4 kafin ranar da likita ya ƙiyasta za ta haihu. Idan ta dawo, tana da sa'o'i 2 kullum na shayarwa har tsawon wata 6. Mijinta ma, in ma'aikacin tarayya ne, yana da kwanakin aiki 14, wanda Majalisar Zartarwa ta amince da shi a watan Satumba na 2021 lokacin Folasade Yemi-Esan tana shugabar ma'aikata, sai dai ba ya wuce sau ɗaya cikin shekara 2, kuma iyakarsa 'ya'ya 4. Jihohi kowace da tata doka. Legas ta kai hutun wata 6 tun 2014 ga haihuwa ta farko da ta biyu, Kaduna ta bi sahu da wata 6 a 2019 zamanin Nasir El-Rufai. Don haka in takardar da ke hannunki ta jiha ce, dokar jiharki za ki nema, ta Abuja ba ta hau kanki ba.

A ɓangaren kamfani kuwa, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago shi ne madogara. Mako 12 ne, 6 kafin haihuwa, 6 bayanta. Kuɗin da doka ta wajabta rabin albashi ne, shi ma sai kin cika wata 6 kina aiki a wurin ba yankewa. Shayarwa rabin sa'a sau biyu a rana. Dokar ta faɗa ƙarara cewa kuɗin asibitin ciki da haihuwa ba ya wuyan mai kamfani, amma ta hana shi ba ki takardar sallama kina cikin hutun. Akwai wani lungu da mata da yawa ba su sani ba: sashe na 91 ya fassara wane ne "ma'aikaci" a idon wannan doka, kuma ya cire masu aikin gudanarwa da na shugabanci da ƙwararru. Ke da aka ɗauka akanta ko injiniya ko manaja, abin da zai tsaya miki shi ne takardar ɗaukar aikinki da littafin ƙa'idojin kamfanin. In babu maganar haihuwa a cikinsu, kina tsaye ne a kan alherin shugabanki.

Mako 6 bayan haihuwa kwana 42 ke nan. Kwana biyu bayan arba'in, jiki bai gama komawa ba, jariri bai san dare daga rana ba, an ce ki fito. Ta gwamnatin tarayya kuwa tana da mako 12 bayan haihuwa, kwana 84, arba'in biyu da ɗoriya. Duk wadda ta yi jego ta san tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ba a baki take ba.

Na ce wa yarinyar ta ɗauko biro mu yi lissafi, don kada son aikin gwamnati ya sa in yi mata ƙarya. A ce gwamnati na biyan naira 100,000 a wata, kamfani 130,000. A shekarar haihuwa, ta gwamnati za ta karɓi 1,200,000 cif. Ta kamfani, in rabin albashi aka biya ta na mako 12, za ta yi asarar kusan 180,000, wato ribar wata shida ta tafi, amma duk da haka za ta ƙare shekara da kusan 1,380,000. A kuɗi tsagwaronsa kamfani ne a gaba, ko a shekarar da aka haihu. Kuma akwai abin da ke rage wa mako 16 ɗin armashi: hutun shekara na wannan shekarar a cikinsa ake lissafa shi. Mai matakin albashi na 7 zuwa sama tana da kwana 30 na hutun shekara, to waɗannan sun shige ciki. Abin da gwamnati ta fi kamfani da shi lokaci ne da kwanciyar hankali. Farashinsa kuma shi ne bin fayil, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Hutun haihuwa a gwamnati haƙƙi ne, amma ba ya zuwa da ƙafarsa. Doka ta ce ki gabatar da takardar likita mai ɗauke da ranar da ake sa ran haihuwa aƙalla wata 2 kafin ranar. Ofisoshi da yawa ba sa karɓar ta asibitin kuɗi, sai ta asibitin gwamnati mai tambari da sa hannun likita. Ke da kike awo a asibitin kuɗi, wannan na nufin sai kin je kin yanki kati a na gwamnati, kin bi layin awo, wani lokaci a sake miki hoton ciki, kafin a rubuta miki. Sai ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ma'aikatarku ta hannun shugaban sashenki. Shi zai sa hannu ya tura rajista. A rajista za a nemo fayil ɗinki a liƙa wasiƙar, masinja ya kai wa jami'in kula da ma'aikata, shi ya duba hutun da kika ci a baya ya rubuta bayani, ya tura wa na sama da shi, har ta kai ga wanda ke da ikon amincewa. Daga nan ta sauko a buga takardar izini, a sa hannu, a ba ki naki kwafi, a kai wa sashen albashi nasu. Teburi shida ko bakwai ke nan, kuma kowane teburi yana da mai shi, mai shi kuma yana tafiya taro, yana tafiya kwas, yana rashin lafiya. Malamar firamare hanyarta ta fi haka tsawo, don daga hedimasta takarda za ta tashi zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wani lokaci har hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a babban birnin jiha.

A cikina na biyu, wanda shi ne na farko a gwamnati, abubuwa biyu suka same ni. Na riga na ci hutuna na shekara tun farkon shekarar, kafin in san da cikin. Ba wanda ya faɗa mini cewa doka ta ce in haka ta faru, kwanakin da suka yi daidai da hutun shekarar za a cire su daga albashin hutun haihuwa. Sai da na ga kuɗin wata guda ya tafi ina tsakiyar jego. Na biyu, fayil ɗina ya kwana mako uku a teburin wani jami'i da ya tafi kwas, ofishinsa a kulle. Ni kuma na riga na tafi gidanmu goyon ciki, tafiyar sa'a huɗu. Da naƙuda ta zo babu takardar izini a hannuna, a rubuce kuwa duk wanda ya bar aiki ba izini ya yi fashin aiki ne. Mijina ne ya yi ta zirga-zirga har ta fito. Ba na zargin kowa da mugunta. Tsarin ne aka gina shi kamar mai neman hutun tana nan kullum tana leƙa rajista, alhali ita ce mutum ɗaya a duk ginin da ba za ta iya hawa bene sau biyar a rana ba.

Akwai kuma tamu matsalar, mu matan Hausawa, wadda kundin doka bai san da ita ba. Kunya. Ciki, musamman na fari, abin ɓoyewa ne a wurinmu. A sa babban hijabi, a yi shiru, ko uwar miji sai ta gani da ido. Sai ga shi an ce ki rubuta shi a takarda ki miƙa wa namiji sa'an mahaifinki, ya karanta, ya tura wa wasu maza biyar. Shi ya sa mata da yawa suke jinkiri har wata takwas, sannan su kai takarda a gurguje, wa'adin wata biyu ya wuce, a fara ce musu sun saɓa ƙa'ida. Na fahimci wannan kunya, ni ma na yi ta. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciki na shiga wata shida ki karɓo takardar likita. In miƙa wa namiji ya yi miki nauyi, kusan kowane sashe akwai babbar mace, ki ce mata, "Hajiya, don Allah ki raka ni," ba za ta ƙi ba.

Abin da na koya na yi amfani da shi a ciki na uku, kuma ya tafi sumul. Kowace takarda na yi mata kwafi uku. Ban bar rajista ba sai da aka buga mini tambarin karɓa da kwanan wata a kan nawa kwafin, na ɗauki hotonsa a waya. Na rubuta lambar fayil ɗina a bangon katin awo. A cikin wasiƙar na ambaci lambar dokar da ta ba ni hutun, na rubuta ranar farawa da ranar dawowa da kaina. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin an sabunta kundin a 2021, kuma kafin ki sa ranar dawowa ya kamata ki zauna da jami'in kula da ma'aikata ya buɗe miki sabon kundin ku ƙirga kwanakin tare, ku daidaita a kan rana ɗaya. Na samu akawu ɗaya a rajista da nake gaisawa da shi da mutunci, duk bayan kwana uku in tambaye shi, "Malam, yau fayil ɗin yana teburin wa?" Ban taɓa ba shi ko sisi don haka ba, kuma ban ba ki shawarar ki bayar ba. Wadda ta sayi haƙƙinta sau ɗaya, a ciki na gaba ma sai ta saya. Sannan ban bar gari ba sai da takardar izini ta shiga jakata. Ranar da na dawo na rubuta takardar kama aiki a ranar, aka buga mata tambari, don sa'o'i biyun shayarwa daga wannan rana ake fara ƙirga su, kuma ita ce shedarki in an zo tantance ma'aikata aka ce ba a gan ki ba.

A kamfani duk wannan babu. A makarantar da na koyar, na shiga ofishin mai makaranta na faɗa mata da baki, ta ce Allah ya raba lafiya, magana ta ƙare cikin minti biyar. Manyan kamfanoni ma takarda ɗaya ce ko saƙon imel zuwa sashen ma'aikata, cikin mako guda an amsa. Wasunsu, irin manyan bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa, suna biyan cikakken albashi, wasu har su ƙara a kan mako 12. Kuma akwai sassaucin da gwamnati ba ta da shi: in jikinki da ƙarfi, kina iya roƙo ki yi aiki har dab da haihuwa a tura miki makonnin zuwa bayanta. Wannan sauƙi na gaske ne, ban raina shi ba.

Sai dai maganar da aka ƙulla cikin minti biyar, cikin minti biyar ake kwance ta. Ina kwana 30 da haihuwa aka kira ni cewa jarrabawa ta matso, in dawo. Albashin da aka ce rabi, wata ɗaya aka biya. Da na koma, an ba wata ajina, ni aka mayar da ni cike gurbi. Ba ni da takarda ko ɗaya da zan nuna. Dalilin wannan hali ba ɓoyayye ba ne. A Nijeriya babu wani asusu na ƙasa da ke biyan kuɗin hutun haihuwa, daga aljihun mai kamfani yake fita, ga kuma kuɗin wanda zai riƙe aikin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tsarinsu daban ne, hutun mako 14 ne kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasar Nijar, wato CNSS, yana ɗaukar rabin albashin, ko da yake su ma sai sun tara takardu. A nan kuwa ƙaramin ɗan kasuwa yana kallon cikin ma'aikaciyarsa a matsayin asara, shi ya sa za ki ji ana tambayar amarya a wurin ganawar ɗaukar aiki ko tana shirin haihuwa nan kusa. Ba daidai ba ne, amma ana yi.

Kuɗin asibiti ma yana cikin ma'auni. Ma'aikaciyar tarayya tana ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar NHIS. Tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, awo da haihuwa suna ciki, magani kuma kashi 10 cikin 100 kike biya. Jihohi suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Nan ma akwai bin takarda: in asibitinki na farko ya tura ki babba, ko aka ce sai an yi miki aiki, sai an nemo lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorarki, wato HMO, kuma ba a son a fara neman lambar wayarsu da tsakar dare mace na kan gwiwa. Tun ana awo ki tabbatar sunanki ya fito a jerin asibitin, ki ba maigida lambar HMO ya ajiye. Bayan suna ku karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da ita za a sa jariri a inshorar. A kamfani, manya suna da inshora da sau da yawa ta fi ta gwamnati saurin amsawa, ƙanana kuwa galibi babu komai. Ki tambaya musamman ko tiyatar haihuwa tana ciki, kuma har nawa.

In abu ya ɓaci fa? A gwamnati korar ma'aikaciyar dindindin doguwar hanya ce, sai an ba da takardar tuhuma, an kafa kwamiti, an saurare ki. Kina da ƙungiyar ƙwadago a cikin gida, kina da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, mai ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan kuɗi. Matsalarki jinkiri ce, kuɗin da aka riƙe bisa kuskure yakan ɗauki watanni kafin ya dawo, amma yana dawowa in takardunki sun cika. A kamfani hanyarki ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ne ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa, tana kuma zama a Kano da Kaduna da Abuja da wasu biranen. Kotun tana sauraron ƙarar wariya da rashin adalci a wurin aiki. Amma mai goyo da aka sallama, da kuɗin lauya da zaman kotu, kaɗan ne ke iya jurewa.

Wani gargaɗi da ban so ya wuce: ba duk mai zuwa ofishin gwamnati ce ma'aikaciyar gwamnati ba. In takardarki ta ce kwantiragi ko wucin gadi, kada ki ɗauka mako 16 ɗin naki ne kai tsaye, abin da takardar ta ce shi ne naki. Sabuwar ɗauka ma tana da shekara 2 na gwaji kafin a tabbatar da ita, kuma albashin farko yakan makara kafin sunanta ya hau IPPIS, tsarin biyan albashin gwamnatin tarayya. Amarya da ta kama aiki da ƙaramin ciki ta je sashen ma'aikata tun makon farko ta ji matsayinta, kuma ta tanadi abin da za ta riƙe kanta da shi.

Ga inda na tsaya. Macen da ke farkon aure, tana sa ran haihuwa biyu ko uku cikin shekaru goma masu zuwa, kuma abin da ke gabanta aikin gwamnati na dindindin ne da ƙaramin kamfani ko makarantar kuɗi ko asibitin kuɗi, ta ɗauki na gwamnati ko da albashin bai kai ba. Wahalar fayil wahala ce da ake iya koyo, kuma ta wata biyu ce a kowane ciki. Likitoci suna cewa a ba jariri nono zalla wata 6, kuma da hutun mako 12 bayan haihuwa da sa'o'i biyu kullum ana iya kusantar hakan, da kwana 42 kuwa da wuya. In kuma kamfanin babba ne, ya rubuta cikakken albashi da adadin makonni da inshora a takardar da kuka sa wa hannu, to ƙarin albashin ya cancanci a duba shi da kyau, musamman ga wadda ke da uwa ko 'yar'uwa a kusa da za ta riƙe mata jariri. Wadda ta gama haihuwa, ko nauyin gida gaba ɗaya yake kanta, ita lissafinta daban ne, kuɗin wata-wata zai fi yi mata amfani.

Ɗiyar yayana ba ta yanke hukunci a ranar ba. Na ce ta koma kamfanin ta nemi littafin ƙa'idojinsu ta karanta da idonta, ta ga mako nawa ne, albashi cikakke ne ko rabi, sai bayan wata nawa da kama aiki ake samunsa, kuma ko za su yarda su sa shi cikin takardarta. Ta ce, "Gwaggo, ba za su ce na cika zaƙewa ba tun ban fara ba?" Na ce mata yadda suka karɓi tambayar ma amsa ce. Ta je ranar Litinin. Matar da ke sashen ma'aikata ta yi mata fara'a, ta ce ai su kamar iyali ɗaya suke, idan lokacin ya zo za a duba. Littafin kuma ta ce ana kan gyara shi. Ranar Alhamis yarinyar ta kai takardunta ma'aikatar tarayya, ta kira ni daga bakin rajista tana tambaya kwafi nawa na ce ta yi.